Na gaji tsohon garmaho da faya-fayai akwati biyu: ta ina zan fara?

Tambaya: Kawuna ya rasu ya bar mini garmaho na lantarki, ƙirar shekarun 1970, da faya-fayai cike da akwati biyu. Ya fi shekara ashirin ba a kunna shi ba. Da na jona shi da amfilifaya, sai sautin ya fito ƙasa-ƙasa kuma siriri, ga ƙugi a bayansa, allurar kuma sai tsalle take yi. Wani ya ce in ɗora tsabar kuɗi a kan hannun da ke riƙe da allurar don ta nutsu. Mene ne daidai?

Amsa: Allah ya jiƙan kawu, ya sa ka ji daɗin abin da ya bari. Kafin komai, kada ka ɗora wannan tsabar kuɗin a kan hannun, kuma kada ka ƙara sa faifan da kake ji da shi a ƙarƙashin allurar nan har sai an sauya ta. Sauti siriri da ƙugi da tsalle duk suna gyaruwa, wasu ma cikin minti biyar. Amma idan allurar da ta cinye ta kankare tsagar faifai, babu gwanin da zai mayar da ita. Tsinin allura daimon ne, faifai kuwa roba ce, kuma wurin da suke haɗuwa bai kai kaurin silin gashi ba. A kan wannan ɗan wuri giram 2 ma ba ƙaramin nauyi ba ne, balle a ƙara masa wasu biyar.

Aikin garmaho yana da tsari, domin kowane saiti a kan na gabansa yake zaune. Wanda ya auna nauyin allura alhali garmahon a karkace yake, ko ya gama auna nauyi sannan ya matsar da katirij, wato ɗan akwatin da ke bakin hannu wanda allura ke jikinsa, aikinsa ya dawo sabo. Saboda haka fara daga soket ka ƙare a tsinin allura. Ware faifai guda da ba ka damu da shi ba, ya zama na gwaji.

Wuta da juyi

Juya bayan garmahon ka karanta ɗan allon da ke manne. Abu biyu kake nema. Na farko ƙarfin wuta: bolt 110 zuwa 120, ko 220 zuwa 240. Wasu suna da makunnin zaɓi, wani lokaci a ɓoye a ƙarƙashin farantin. Na biyu shi ne wanda aka fi mantawa: 50 Hz ko 60 Hz. Tsofaffin garmaho da yawa suna da moton da gudunsa ke bin bugun wutar gari kai tsaye. Wanda aka ƙera don Amurka, mai 60, idan ya sami wuta mai 50, juyi kusan 27.8 zai riƙa yi a minti maimakon 33 da sulusi, sai ka ji muryar mawaƙi ta yi kauri tana jan ƙafa. Taransifoma ba ta maganin wannan, ƙarfin wuta kawai take sauyawa. Maganinsa sauya fuli, wato ɗan ƙarfen kan moto wanda bel ko taya ke gogawa, da wanda aka yi wa wutar inda kake. Duba wayar wutar ma. Idan robarta ta bushe ta tsattsage a sauya ta. A jikin makunnin wasu akwai ƙaramar kondensa wadda kan tsage idan ta tsufa har ta yi hayaƙi. Wannan aikin mai gyaran lantarki ne, kuma ba a buɗe ƙasan garmaho filogi na jone.

Ɗaga tabarmar roba, ka ɗaga farantin a hankali, za ka gane irin naka. Iri uku ne. Akwai mai ƙaramar tayar roba da ke shiga tsakanin moto da faranti, irin su Garrard 301 da 401, Lenco L75 da Dual 1219. Akwai mai bel, irin su Thorens TD 150 da TD 160. Akwai kuma wanda moton ne da kansa yake juya farantin, wanda Technics ya fito da shi a SP-10 a 1970, sannan SL-1200 a 1972. Wannan na ukun bai damu da 50 ko 60 ba, kuma shi ya fi jure dogon ajiya.

Bel da ya yi shekara ashirin a kwance ko dai ya saki ko ya narke ya zama baƙin danƙo. Goge danƙon da auduga da sifirit har fuli da gefen ƙaramin farantin ciki su yi ƙal, sannan ka sayi bel na wannan samfurin daidai. Faɗinsa da kaurinsa suna shafar gudu, don haka kada ka yarda da "kusan iri ɗaya ne". Ita kuma tayar roba takan ƙandare, ko ta lotsa a gefe guda idan an bar ta manne da fuli shekara da shekaru. Alamarta bugu ne mai maimaituwa, dum, dum, dum, a cikin sifika. Idan taurin bai yi nisa ba, gogewa da sifirit takan wadatar. Idan ta lotsa sai an sake mata roba.

Sandar tsakiya da farantin ke juyawa a kanta tana son mai. Idan irin mai zarewa ce, zare ta, ka goge tsohon man da ƙyalle marar gashi, ka kula da ɗan boris guda da kan zauna a ƙasan ramin kada ya gangare ya ɓace. Mai marar kauri irin na keken ɗinki ya wadatar a yawancinsu. Technics, alal misali, ɗigo 2 zuwa 3 ya ce a sa bayan kowace awa 2000. Feshin sassauta tsatsa ba mai ba ne, kada ya kusanci wurin. Idan kuma garmahon mai ɗaga hannu da kansa ne, irin na Dual da Garrard da BSR, to girisin cikinsa ya daskare ya zama kamar gam. Kada ka tilasta hannun in ya cije. Juya farantin da yatsa, yadda hannun agogo ke tafiya, har injin ya kammala zagayensa ya sake shi. Gyaran na gaskiya shi ne a wanke tsohon giris wuri-wuri a sa sabo kaɗan. Duba kuma ko an ɗaure sukurorin tafiya, waɗanda ake matsewa don kada jikin ya yi lilo a hanya; in an matse su, sassauta su har ɗakin injin ya riƙa lilo a kan sifirin ɗinsa.

Gwajin gudu ba ya buƙatar na'ura. Manna ɗan tef a bakin faranti ka ƙirga: juyi 100 cif a minti 3 shi ne 33 da sulusi, juyi 135 a minti 3 shi ne 45. Bar shi ya yi minti goma yana juyi kafin ka ƙirga, don mai ya saki. Bayan haka ɗora ƙaramin lebur a kan farantin kansa, gaba da baya, dama da hagu, ka daidaita ƙafafu har kumfar ta tsaya a tsakiya.

Dalilin sauti siriri da ƙugi

Ina kyautata zaton ka jona shi a ramin AUX ko CD. Katirij mai maganaɗisu milibolt 3 zuwa 5 kacal yake fitarwa, alhali na'urar CD tana kai wa bolt 2. Ga kuma wani abu: lokacin yanka faifai da gangan ake rage sauti mai kauri, a ƙara siririn, don tsagar ta yi ƙanƙanta a sami wurin kusan minti ashirin a kowace fuska, kuma siririn ya rinjayi shuwar roba. Wannan ƙa'ida ita ce RIAA, wadda aka tsayar a 1954, kuma ragi da ƙarin suna kai wa kimanin desibel 20 a kowane gefe. Ramin da aka rubuta wa PHONO shi ne yake ƙara ƙarfin sautin ya kuma warware wannan karkata. Idan amfilifayarka ba ta da shi, ana sayar da ƙaramin akwatin fono daban: garmaho ya shiga akwatin, akwatin ya shiga AUX. Kuskuren da ke kishiyar wannan shi ne a fito daga akwatin a sake shiga PHONO. Nan sautin zai kumbura ya farfashe. Katirij na yumɓu kaɗai, wanda ake samu a garmaho masu araha da na cikin akwatin rediyo, shi ne ba ya bin wannan hanya, domin yana fitar da ɗaruruwan milibolt. Amma yana taka faifai da giram 4 zuwa 6, kuma ba shi zan ba faya-fayan gado ba.

Ƙugi kuwa, nemi siririyar waya ta uku da ke fitowa tare da jan filogi da fari, mai ɗan ƙarfe kamar cokali mai yatsu a bakinta. Wurinta sukurun da aka rubuta wa GND a bayan amfilifaya. In ta tsinke, kowace siririyar waya daga ƙarfen jikin garmaho zuwa can za ta yi. Yadda ƙugin yake shi zai nuna maka inda ciwon yake. Idan a sifika biyun ne, wayar ƙasa ce. Idan a guda ne, wata waya ce ta saki a bayan katirij ko filogin ya yi tsatsa. Idan yana ƙaruwa yayin da hannun ke matsawa tsakiya, katirij ne yake ɗaukar maganaɗisun moto. Idan kuma gurnani ne da ke tasowa sai ka ƙara murya, to sifika ce take girgiza garmahon, sai a raba su.

Wayoyi huɗu ne a bayan katirij: fara ta hagu, shuɗiya abokiyar tafiyarta, ja ta dama, koriya abokiyar tafiyarta. Idan kan hannun mai cirewa ne, kwance zoben ka zare shi, ka goge ɗigon ƙarfe huɗun nan da abin goge fensir sannan da sifirit. Sau da yawa sifikar da aka ɗauka ta mutu nan take dawowa.

Allura da katirij

Nan ne ya kamata kuɗinka da hankalinka su fi tsayawa. Ko da kawu bai yi amfani da allurar sosai ba, shekaru kaɗai sun isa su lalata ta. Tsinken da ke ɗauke da daimon yana zaune ne a cikin wata 'yar roba, kuma robar takan ƙandare ko ta saki. Wadda ta ƙandare ba ta iya bin lanƙwasar tsaga, sai ta yi tsalle. Wadda ta saki kuma za ka ga cikin katirij yana kusan jan ƙasa a kan faifai. Cinyewar daimon ba ta ganuwa da gilashin hannu, sai da madubin ƙara girma mai ninkawa kamar sau 200. Tunda ba ka san awa nawa ta yi ba, sauya ta kawai.

Wannan ba yana nufin a zubar da katirij ɗin ba. A irin da ake kira MM, maganaɗisu ne ke motsi a jikin tsinken, naɗin wayar kuwa yana zaune a cikin gangar jikin ba ya cinyewa. Allurar zarewa take yi ta gaba, a cusa sabuwa. Karanta lambar da ke jikinsa. Idan Shure M75 ne ko V15, ko Stanton 681, ko wani Audio-Technica na wancan zamani, to da tsohuwar zuma ake magani: gangar jikin ta cancanci allura mai kyau. Shure ya daina yin katirij a 2018, amma akwai kamfanoni irin su Jico na Japan da har yanzu suke yi musu allurai. Ka guji marasa suna masu arahar gaske, domin wasu daimon ɗinsu a karkace aka dasa shi. Idan kana da mita ta dijital, auna tsakanin fara da shuɗiya, sannan ja da koriya: ɗaruruwan om zuwa sama da dubu ɗaya za ka gani, kuma ya kamata biyun su yi kusa da juna. In ɗaya bai nuna komai ba, naɗin ya tsinke, sai sabon katirij.

In sabo za ka saya, fara da MM. Audio-Technica VM95E mai aiki a giram 2 da Ortofon 2M Red mai aiki a giram 1.8 misalai ne da suka dace da yawancin hannuwan shekarun 1970. Irin MC, wanda naɗin waya ne ke motsi, kamar Denon DL-103 da ake yi tun shekarun 1960, milibolt 0.3 kawai yake fitarwa, yana buƙatar fono na musamman, allurarsa ba ta zarewa, kuma maganaɗisunsa mai ƙarfi ne har yakan ja kansa zuwa farantin baƙin ƙarfe ya ƙara nauyi ba ka sani ba. Bar shi sai gaba.

Akwai wata dacewa da mutane ke tsallakewa, tsakanin nauyin hannu da laushin robar allura. Su biyun tare suna da wani bugu da suke rawa a kansa, kuma ana so ya faɗa tsakanin 8 da 12 Hz. Ƙasa da haka, lanƙwasar faifai da takun ƙafa za su riƙa kaɗa shi. Sama da haka, ya shiga cikin kiɗan. Lissafin: haɗa nauyin aiki na hannu, wanda kamfani ke bayarwa, da na katirij da sukurori a giram, ka ninka da lambar laushin da kamfanin katirij ya bayar, ka ɗauki tushen murabba'in, ka raba 159 da shi. Hannu mai giram 12, katirij 6, sukurori 1, laushi 15: ka sami kusan 9.4, ya yi daidai. Amma jimillar giram 30 da laushi 30 za ta ba ka 5.3, kuma za ka ga fatar sifika tana shiga tana fita ba tare da wani sauti ba. Kamfanonin Japan sukan auna laushi a 100 Hz, don haka ninka lambarsu kusan sau biyu kafin ka sa ta a lissafi. A taƙaice, hannu mai nauyi da allura mai tauri, hannu marar nauyi da mai laushi.

Siffar tsinin ma iri-iri ce. Mai zagaye ta fi haƙuri da saiti marar kyau da tsofaffin faya-fayai. Mai siffar ƙwai ta fi fito da siririn sauti. Masu kaifin layi, irin Shibata da microline, sun fi kowa bin tsagar kusa da tsakiya kuma sun fi daɗewa, kusan awa 800 zuwa 1000, yayin da sauran ke yin 300 zuwa 500, amma ba sa yafe karkata. A kan faifan da aka sha da tsohuwar allura mai zagaye, mai kaifin layi takan taɓa wurin da waccan ba ta kai ba, har ka ji faifan ya fi yadda ake zato tsabta.

Ɗaurawa da saiti

Idan bayan katirij ɗinka fil huɗu ne da ke cusawa cikin hannu, da sukuru guda a gefe, wannan T4P ne, an riga an saita maka komai a giram 1.25, ka huta. In kuwa sukurori biyu ne a sama masu tazarar milimita 12.7, ga aikin. Bar murfin allura a jiki, ko ka zare allurar gaba ɗaya. Sa wayoyin da hantsaki, kana riƙe ɗan ƙarfen bakin, ba wayar ba. In ya yi sako-sako, cusa tsinken sakace a ciki ka ɗan matse shi. Kada ka taɓa liƙa dalma a fil ɗin katirij, zafin zai tsinka naɗin ciki. Ɗaura sukurorin yadda katirij zai iya zamewa in ka tura shi.

Yanzu sa nauyi na wucin gadi. Mayar da maɓallin anti-skate, mai hana hannu zamewa zuwa tsakiya, sifili. Riƙe hannun, ka juya ƙarfen nauyi na baya har hannun ya tsaya a iska shi kaɗai, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Riƙe ƙarfen kada ya motsa, ka juya zoben lambobi kaɗai zuwa sifili. Sannan juya ƙarfen gaba ɗaya, zoben na binsa, zuwa lambar da ake so.

Dalilin saitin kusurwa shi ne, injin da ya yanka faifan a miƙe yake tafiya daga baki zuwa tsakiya, hannunka kuwa baka yake zanawa. Saboda haka wurare biyu ne kawai a faɗin faifan allura za ta iya fuskantar tsaga sak. Lissafin Baerwald, wanda aka fi bi, ya sa su a milimita 66 da 120.9 daga tsakiyar sanda. Ana samun takardar saiti mai ɗigo biyu da layuka. In bugawa ka yi, auna ta da rula ka tabbatar firinta ba ta rage girmanta ba. Cire filogi, ɗora takardar a kan faifan gwaji, sauke tsinin a ɗigon waje, ka duba daga gaba ko katirij ya yi layi ɗaya da zanen. Juya farantin kaɗan ka koma ɗigon ciki. In ya daidaita a ɗaya ya karkace a ɗaya, matsar da shi gaba ko baya kamar rabin milimita, ka sake duka biyun. Sau biyar ko shida ba abin mamaki ba ne. Kullum ɗaga hannun kafin ka taɓa katirij. Abin da kake daidaitawa a gaskiya tsinken ne, ba gangar jiki ba, don haka in tsinken ya ɗan kauce, shi za ka bi. Wasu kamfanoni sun sauƙaƙa: a Technics SL-1200MK2, milimita 52 ne daga robar wuyan kan hannu zuwa tsini, katirij a miƙe, shi ke nan. Matse sukurorin kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan, don kada ya juya.

Wahalar nan tana da lada a waƙar ƙarshe ta kowace fuska. A bakin faifai tsagar tana wucewa ƙarƙashin allura da gudun kusan santimita 50 a daƙiƙa, kusa da tsakiya kuwa kusan 21. Kiɗa iri ɗaya an matse shi a ƙasa da rabin wuri. Nan ne karkata take bayyana: harafin "s" a bakin mawaƙi ya koma tsaki mai yaji, kuge ya yi kamar ana yaga takarda.

Da ka gama, sake auna nauyi, domin matsar da katirij ya sauya shi. Zoben lambobi na tsohon garmaho yakan yi ƙarya, musamman masu sifirin, don haka sayi ɗan sikelin dijital mai nuna 0.01 na giram, ka auna a tsayin da faifai yake zama. Idan kamfani ya ce 1.8 zuwa 2.2, sa 2 ko ɗan sama. Mutane suna ɗauka rage nauyi tausaya wa faifai ne. Ba haka ba ne. Allurar da ba ta da isasshen nauyi takan saki bangon tsaga a wurin kiɗa mai ƙarfi ta dawo ta buge shi, kuma wannan bugun ya fi ƙarin kashi biyu cikin goma na giram ɓarna nesa ba kusa ba.

Anti-skate kuma: saboda lanƙwasar kan hannu, gogayyar tsaga tana jan allura zuwa tsakiya, sai ta danne bangon ciki ta sassauta wa na waje. Sa maɓallin a lamba ɗaya da nauyin allura. A wasu, ɗan ƙarfe ne rataye da zare, sai ka sa madaukin a tsagar da ta dace. Bangon ciki hagu ne, na waje dama. Idan a wurin kiɗa mai ƙarfi sifikar dama ce take fara farfashewa, ƙara kaɗan. Idan ta hagu ce, rage. Gwaji a kan faifai marar tsaga ba abin dogaro ba ne, domin a can ƙasan tsinin ne ke gogawa, ba gefunansa ba.

Tsayin hannu ba na son ka ɓata dare a kansa. Allura na kan faifai, ka tsayar da kati mai layuka a bayan hannun ka duba daga gefe: ya zama a kwance daidai da faifan. Gindi ya yi sama, sauti ya yi kaifi. Ya yi ƙasa, ya dusashe. In hannunka ba ya hawa da sauka, tabarma mai kauri ko siririya ita ce saitinka. Sannan sauke allura a kan ƙaramin madubi ka duba daga gaba: tsinken da hotonsa su zama layi ɗaya a tsaye.

Idan bayan duk wannan tana tsalle, duba ɗan dandamalin da ke ɗaga hannu. Idan an sauke shi dole ya rabu da ƙasan hannun sarai. In yana taɓawa ko kaɗan, allurar rataye take. Wannan ya yaudari mutane da yawa. In kuma hannun faɗowa yake yi tim maimakon ya sauka a hankali, man silikon mai kauri da ke cikin bututun ne ya ƙare. Gwada kuma hannun yana shawagi a sifili: hura masa iska kaɗan, ya kamata ya tafi sumul har tsakiya. In ya tsaya a hanya, boris ɗinsa ne, ko wayoyin ciki sun yi tauri, ko wani ƙarfen injin ɗagawa yana riƙe shi.

Wurin zama da faya-fayan kansu

Garmaho na'urar jin girgiza ce, ba ta bambanta ta tsaga da ta ɗaki. Kada ya zauna a katako ɗaya da sifika, kada kuma ya hau kan amfilifaya, saboda zafi da taransifomarta. Idan daɓen katako ne mai motsi, kanta da aka kafe a bango ta fi kowane tebur.

Faya-fayan da suka yi shekara ashirin a akwati suna buƙatar wanki kafin sabuwar allura ta taɓa su, domin ƙura a cikin tsaga kamar yashi take ga daimon. Tataccen ruwa marar gishirin ƙasa, ɗigo guda na sabulun ruwa marar turare a lita, buroshi mai laushi kana bin zagayen tsaga, ka kare takardar tsakiya, ka ɗauraye da tataccen ruwa, ka jingine shi ya bushe sarai. Sauya tsofaffin rigunan takarda na ciki. Daga nan buroshin kabon kafin kowane sauraro ya isa. A baki da tsakiya ake riƙe faifai, a tsaye ake ajiye shi, nesa da rana. Allurar kuma a share ta da ɗan buroshinta daga baya zuwa gaba kawai, yadda faifai ke wucewa, kuma a bushe, domin sifirit yana iya narkar da gam ɗin da ya riƙe daimon.

Yayin da kake zazzage akwatunan, ware masu nauyi, masu tauri, waɗanda ba sa lanƙwasuwa, galibi inci 10. Waɗannan masu juyi 78 ne, irin da ake yi tun kafin Columbia ta fito da dogon faifai a 1948 da RCA Victor ta fito da mai 45 a 1949. Da shalak, wani irin danƙo mai tauri, aka yi su, sifirit yana narkar da su, suna fashewa in sun faɗi, kuma tsagarsu ta ninka ta sauran faɗi wajen sau uku ko huɗu. Allurarka ta yau za ta nutse har ƙasan tsagar ta kwaso shuwa zalla, ta kuma lalace. Suna da tasu allurar mai kauri, kuma sai garmahon da ke da gudun 78.

Ranar sauraron farko, zaɓi faifai mai murya ɗaya da kayan kiɗa kaɗan, wanda ka wanke. Zauna tsakiyar sifika biyu, tazararka da kowace daidai da tazarar da ke tsakaninsu. Muryar ta tsaya a tsakiya kamar mutum na tsaye a wurin. In ta karkata gefe, koma ga madubi da wayoyi huɗun nan. Saurari dogon sautin fiyano ko sarewa: in yana rawa, bel ne ko taya, ko ramin faifan ne ba a tsakiya ba, wanda za ka gane in kan hannun yana kai-komo dama da hagu a kowane juyi. In faifan mono ne kuma amfilifayarka tana da maɓallin mono, danna shi, ƙaras-ƙaras ɗin zai ragu sosai. Sabuwar allura takan ɗan yi tauri a awannin farko kafin robarta ta saki, don haka bayan awa ashirin ko talatin sake ɗora ta a sikeli, ka sake duban tsayin hannun, sannan ka rubuta ranar da ka sa ta a takarda ka manna a ƙarƙashin murfin don ka riƙa lissafin awanninta.